Takalmin Hagun Falwaya

"Ina kwana, shumeka. Ashe har yanzu kana nan da ranka?"

"Ina nan, Falwaya. Sunkuya kafin ka shigo, rufin shagon nan ya girmi ubanka."

Haka jikanmu ya shigo shagon mijina ranar Talata da hantsi, ya naɗe kansa biyu a bakin ƙofa, da ƙatuwar jaka a kafaɗa. Ina zaune a kujerata ta gefen taga, inda nake zura wa tsohon zare a basilla tunda idonsa ya daina ganin kafarta. Shekara hamsin da biyu ke nan ina shaƙar warin gam a auren nan, ni ba wanda ya taɓa maganar ba ni kofin yabo.

Yaron shi ne tauraron ƙungiyar ƙwallon kwando da ake nunawa a talabijin, da ita yake ci yake sha. Kakansa ne ya raɗa masa Falwaya tun shekarar da ya kere duk mutanen gida tsawo. Shi kuma yana kiran kakan shumeka, don ya san ba sunan da tsohon ya tsana kamarsa. Shi baduku ne ɗan baduku, in ji shi. Ni kuwa ina tsakiya, kowannensu na cewa ni matarsa ce.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in haɗa kayana yau ɗin nan, na rame a hannun mutumin nan. Na ce ya fara gyara tafiyarsa tukuna, ni ba na bin mai ɗingishi. Da wasa na faɗa, amma na ga yadda ya dafe ƙugunsa kafin ya zauna a bencin masu jira.

An kai rabin wasannin bana, an ba su hutun mako guda. A wasa goma sha shida na farko sau biyu kacal aka ci su, har 'yan jarida sun fara cewa kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara tasa ce, ranar miƙawa kawai ake jira. Sai abu ya juye. A wasa shida na baya an lallasa su sau biyar, shi kuma yana jefa ƙwallo tana dukan bakin kwando tana dawo masa. Koci ya gaya masa in ya shigo fili ranar Asabar da wannan ɗingishin, benci zai zauna har abin da hali ya yi, wanda ke benci kuwa ba a ba shi kyauta. Uwarsa ce ta gaya mini a waya tana kuka.

Tsohon bai ko ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba. "Na ga wasanku na ƙarshe. Kwandon nan fa da faɗinsa. Ni da ido ɗaya da rabi, daga nan zan jefa guduma ta shige."

"Kai da ka wuni neman tabarau yana kan goshinka?"

"Ni dai na sami nawa. Kai ka sami kwandon?"

"Maki talatin nake ci a wasa ɗaya."

"A da ke nan. Ran nan goma sha ɗaya ka ci, biyu daga ciki ma alƙalin wasa ne ya ji tausayinka."

"Ashe ƙirgawa kake yi. Ba kai ka ce ba ka kallon ƙatti da gajeren wando ba?"

"Matata ce ke kunnawa. Ni labarai nake jira."

Ƙarya yake yi, Allah na gani. Shi ke jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, in yaron ya yi tsalle sai ƙafarsa ta harba, ya sha kifar mini da shayi.

Suka ci gaba. Yaron ya ce ko da rarrafe sai ya ɗauki kofin gwarzon nan, kuma ranar a gaban mota zai sa ni, tsohon ya biyo mu a ƙafa. Tsohon ya ce in an kawo kofin yana so, da ma gwangwanin ƙusarsa ya huje. Ya ƙara da cewa shi a zamaninsa ya taɓa tsallake mota da fasinjojinta, bai nemi a tafa masa ba. Na ce ni dai kwata na san ya taɓa tsallakewa, ita ma a ciki ya ƙare.

Can sai tsohon ya ajiye basilla ya ce a miƙo masa jakar.

"Ba gyara na kawo ba, sababbi ne. Uwata ce ta hana ni sakat sai na kawo."

Tun yaron yana ɗan shekara tara uwarsa ta kafa masa doka: duk sabon takalmi sai ya kwana ɗaya a shagon kakansa kafin a sa shi, wai a sa masa albarka. Ya girma, ya yi suna, bai fasa ba. Ya taɓa raɗa mini cewa yana yi ne don tsohon ya ji har yanzu ana bukatarsa, tunda masu kawo gyara sun ja baya. Ya ce kada in gaya masa. Ban gaya masa ba, shi ma yaron ban gaya masa abin da na sani ba. Bana sai wani kamfani ya ɗauke shi tallar kambas, suka aika masa da guda shida can inda suke atisaye. Yana tsakanin tafiye-tafiye, ya zura abinsa ya shiga fili.

Ranar farko tsohon ya gane a talabijin cewa takalmin bai biyo ta shagonsa ba. Sau uku yana aika masa ya zo. Na ce ka faɗa masa a waya mana, yaro na shan wuya. Ya ce shekara goma sha shida ya rufe bakinsa, ba a waya zai buɗe shi ba. Kwana biyu ban yi masa magana ba, kuma har gobe ina ganin laifinsa.

Ya zaro takalmin hagu daga jakar, ya kifa shi, ya bi gindinsa da babban yatsa. Ya tambayi me likitocin ƙungiya suka ce. Yaron ya ce sun ɗauki hoton ƙugu, sun ɗauki na gwiwa, ba su ga komai ba.

"Akwai wanda ya kifa takalminka ya duba?"

"Likitoci ne fa, ba shumeka ba."

"Shi ya sa."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo tsohon kambas ɗin yaron na bara, ya tura masa. Ya ce ya ɗaga shimfiɗar cikin na dama. Ya ɗaga, ba komai. Ya ce ya ɗaga ta hagu. A ƙarƙashinta, daidai dunduniya, ga wata fata an yanka ta tsaf an manna, kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, gumi ya mai da ita baƙa.

"Mene ne wannan? Asiri ka yi mini don ka raba ni da matata?"

"Fata ce, sakarai. Ƙafarka ta hagu ba ta kai ta dama ba. Da kaurin wannan."

Yaron ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya kalle ni. Na gyaɗa masa kai.

Tsohon ya ba shi labarin yana goge aska a jikin wandonsa. Takalmin makaranta uwarsa ta kawo gyara, ya ga na hagu ya cinye ta wani waje, na dama ta wani waje daban. Sai ya ɗora yaron a kan teburin nan wai zai auna tsawonsa, ya auna abin da yake son aunawa. Shekarar ce kuma yaron ya yi mako bai je makaranta ba don yara na kiransa raƙumi. Da an ƙara masa da cewa ƙafafunsa ba su yi daidai ba, da ko ƙofar gida ba zai sake leƙawa ba. Muka rufe maganar mu uku, ni da shi da uwar yaron. Daga baya kuma ranar faɗa ba ta taɓa zuwa ba.

Yaron ya daɗe yana juya fatar a tafinsa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni fa na ɗauka ni nake taimakonka."

"Na sani. Kana ajiye takalmi kana kallona kamar ka ba ni sadaka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kana zuwa ai. Da wane dalili ka zo, ba ruwana."

Ya buɗe akwatin da yake zama a kai, ya fito da gwangwanin biskit. Ni da nake wuni a shagon nan ban san da shi ba. Cike yake da irin fatar nan, an ɗaure su goma-goma da zare. Ya ce ido na tafiya, hannu ya fara rawa, shi ya sa ya yanka su tun yana gani. "Sittin ne. In ka ƙarar da su ba ka daina tsalle-tsalle ba, kai ka sani." Na juya fuskata ga taga don hawaye sun zo mini. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da wannan mai taurin kai, duk da warin gam ɗinsa.

Ya shafa gam, ya manna ɗaya, ya danne da guduma, muka jira ta kama. Yaron ya sa takalmin ya fita titi, ya taka har shagon tela ya dawo, ya sake zuwa da ɗan gudu. Ya ce ciwon yana nan, amma ƙasa ta daina gocewa a ƙarƙashinsa. Tsohon ya ce ciwon wata guda ba ya tafiya kafin azahar, ya ɗauki fata ɗaya ya kai wa likitocin nan su gani, su ma su ƙaru. Ko zai warke kafin Asabar, ko kofin zai zo, ba wanda ya sani cikinmu.

Yaron ya zauna a ƙasa dirshan, ya jera sauran takalman hagu biyar a gaban kakansa.

"Ka ci, baduku. Na bar maka matar."

Tunda yaron nan ya iya magana ban taɓa jin ya ce baduku ba. Tsohon ya yi kamar bai ji ba, ya ce da ma wa ya ba shi ita. Na ce oho, ni ba wanda ya tambaye ni, an mai da ni tsohon takalmi ana miƙa wa juna.

"In na ɗauki kofin, naka ne," in ji yaron.

"In ba ka ɗauka ba ma ƙusoshina ba za su kwana a ƙasa ba." Ya tura masa gwangwanin fatun. "Ungo, tafi da shi. Ko wane shumeka ka samu a hanya zai iya manna maka."

Yaron ya karɓa ya miƙe tsaye. Na zaci jaka zai sa. Sai ya miƙa hannu ya ɗora gwangwanin can kan katakon rufi, inda ni da tsohon ko kan tebur muka hau ba za mu kai ba.

"Kai, ɗan banza, wa zai sauko mini da shi?"

"Ni. Ɗaya-ɗaya zan riƙa zuwa karɓa. Sittin ka ce ko? To, sai ka jira ni sau sittin."

Tsohon ya ɗaga kai ya kalli gwangwanin. Sai ya fashe da dariya har tabarau ya zamo daga goshinsa ya sauka a kan hanci. Ya share ido da bayan hannu, ya ce Falwaya ya miƙo takalmi na gaba kafin gam ya bushe.