Tsabar Zabi

Ranar Asabar ɗin nan babu maharbin da ya kai ni cika baki a duk Agege. Na samo ƙwayoyin harsashi masu nauyi, waɗanda ba na darma ba, na ɗura su cikin kwanso da hannuna. Har na ce wa uwargida ta jajjaga kayan miya da yawa.

A motar danfon da muka yi shata, tun daga Abule Egba nake wa abokan farautata lacca. Baba Isiyaku, dattijon da ya koya mana harbi, ya ce, "Ɗana, ka dai duba komai?"

Na ce, "Baba, yau ku huta kawai."

Muna shiga daji sai ga garken zabi. Na saita ƙatuwar bindigata, na ja kunama. Sai ta ce "fus". Ashe don zumuɗi ban zuba albarushi ba! Ƙwayoyin suka watse can gaba kaɗan. Wani zabo ya tako, ya tsinci ɗaya, ya yar.

Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Har yau in na fito daga masallaci sai wani ya ce, "Mai kiwo, an ba zabi tsabar yau?"