Rabin Buhun Geron Inna

Ranar da anka cire min simintin karaya, bayan babur ya kada ni kan hanyar Gummi, ƙafar nan ta rame awa raken da anka tsotse. Madam Rifkatu, mai gashin ƙashi a asibiti, tac ce in ɗaura 'yar jakar yashi ga idon sawu, in riƙa ɗagawa sau goma, safe da marece. Wata biyu, in ji ta, zan aje sanda in koma kabu-kabu.

Wata biyu! Nic ce matar ga ba ta san maza ba. In 'yar jaka na cin wata biyu, ai rabin buhun gero kwana ukku ya gama aiki.

Sai na jawo buhun Inna, na ɗaure ga ƙafa, na zauna bisa turmi, na yi bisimilla, na yunƙura. Buhu bai motsa ba, ni na motsa. Sai ga ni rigingine, buhu ya ɓarke, kajin unguwa duka suna kalaci bisa cikina.

Inna ta leƙo: "Kai, ƙafa kaka gyara ko kaji kaka kiwo?"

Can asibiti Madam ta duba, tac ce Allah ya tsare, ƙashin bai sake karyewa ba. Dariya ta hana ta yi min faɗa. Ita ta yi ta lanƙwasa gwiwar nan har na koma bisa babur. Allah shi saka mata da alheri.

Amma har yau a tasha, in fasinja ya taho da buhu, sai abokai su nuna ni, su kwaɗa kira: "Ku ba Likita, shi da ƙafa yaka ɗauka!"