Yaƙin Ɗayyabu da Man Gelo

Wannan shi ne tarihin Ɗayyabu ɗan Mamuda mai kemis, jikan Sarkin Aska Tanko wanda ƙahonsa ya sha jinin bayan mazajen ƙasar nan kaf. Ɗayyabu sadaukin aji uku a tsangayar harhaɗa magunguna, ma'abocin farar rigar da ba ta taɓa haɗuwa da dutsen guga ba, dodon kujerar baya, na Hajiya ba ka buɗe littafi sai an kafe ranar jarrabawa.

Amma ba'adu, ranar jarrabawar gwaji ta zo, wadda duk wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, ya zauna aji ɗaya da ƙannen da yake wa kallon raini. Dakta Asabe, malamar da ɗalibai ba su taɓa ganin haƙoranta ba, ta ba da umarni a haɗa man gelo da ruwa su zama abu ɗaya, fari kamar kindirmo. Waɗannan biyun kuwa tun da aka halicci duniya ba sa ga maciji.

Jarumin ya naɗe hannun riga, ya jawo turmin tangaran, ya zuba man, ya barbaɗa garin ƙaro a matsayin manzon sulhu, ya kwarara ruwa, ya damƙi 'yar taɓarya ya shiga juyi da azama. Dama da hagu mazaje na faɗuwa: haɗin wani ya tsinke, mai ya taso sama yana ƙyalli, wata ta dafe kai tana salati. Gogan naka ko, gumi har cikin takalmi, bai sassauta ba, yana ta kirari ƙasa-ƙasa: "Sai ni jikan Tanko!" Can sai turmi ya fara ƙara tas-tas, alamar abokan gaba sun miƙa wuya. Ya ɗura ganimarsa a kwalba, murna kamar ta kashe shi, don shi kansa bai san yadda aka yi ba.

Dakta Asabe ta iso, ta ɗaga kwalbar ta leƙa, ba ta ga aibu ba, abin ya sosa mata rai. Ta ajiye, ta tambaye shi ko zai yarda ya ba mahaifiyarsa wannan haɗin.

Da ya ce eh, da an wuce wurin. Amma jinin Sarkin Aska ba ya ba da shaida da fatar baki. Ya cire murfi, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya hango gindin kwalba, ya dire ta yana lashe baki.

Dakta ta dubi kwalbar, ta dube shi. "Ɗayyabu, ai ban auna ba tukuna. Me zan ba maki?"

Ta zana masa ƙaton sifili ta yi gaba. Kafin la'asar man gelo, wanda aikinsa wanke ciki ne, ya tabbatar da ingancin haɗin, aka ga sadaukin ya keta tsakar makaranta a guje, buta a hannu, ba ya amsa gaisuwar kowa. Turminsa na nan yana jiransa baɗi, an ce ya riga ya roƙi a ba shi teburin da ke kusa da ƙofa.