Yadda Muka Gaida Ginin Makarantarmu Har Ya Faɗi

Yau tun hantsi nake layin mai da 'yar besfata, a ƙasar da aka ce man ya yi mata yawa har an rasa inda za a kai kuɗinsa. Rana ta take, kwalta ta yi laushi, wani soja yana kai da kawo da bulala yana gyara mana sahu, Allah ya saka masa. Can sai ga wata baƙar Fijo ta biyo gefen layi, kamar yadda aka tanadar wa duk wata baƙar Fijo, ta nufi bakin famfo. Da ta zo daidai ni sai ta tsaya, gilashin baya ya sauka kamar faɗin tafin hannu, sanyin cikin motar ya ɗan shafe ni a fuska. Ashe Mai Girma Mai Duba ne, jami'in da ke duba gine-ginen makarantu. Ya ce ya gane ni, kuma in shaida wa mutanen unguwarmu cewa godiyarmu ta isa inda ya kamata ta isa. Na rusuna na yi jinjina. Aka cika masa tanki, mai ya ƙare, na turo besfata har gida.

Na san mai karatu zai so ya ji godiyar me muka yi. Ni ma abin da na yi ta tambayar kaina ke nan a hanya, ina turi ina gumi.

A unguwarmu, can wajen Ƙofar Atiku, muna da makarantar firamare. Ba zan faɗi sunanta ba, don ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Shekarar da aka ce ilimi ya zama kyauta, kowa ya kawo ɗansa, aka ƙara mata sabon gini cikin gaggawa. Lokacin ne siminti yake can cikin jiragen ruwa yana layi a bakin teku, mu kuma yashi muke da shi a nan ba adadi, don haka ɗan kwangila ya yi adalci ya ba yashi rinjaye. Aka shafa farar ƙasa, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Kafin damina ta biyu bango ya tsage tun daga taga har ƙasa, gara ta shiga katakon rufi ta yi zamanta, babban katakon da ya ratsa aji biyu ya fara lanƙwasa a tsakiya.

Malamin ɗaya daga cikin azuzuwan biyu, Malam Istifanus, mutumin kudancin Zariya ne da ya daɗe a garin nan har 'ya'yansa sun fi nawa iya Sakkwatanci. Shi ya saro reshen dogon yaro ya tokare katakon. Reshen yana tsaye a layin gaba, kuma a cewarsa duk ajin babu ɗalibin da ya kai shi zuwa da wuri. Kusa da reshen nan 'yata Zulaihatu take zama, don gajera ce, idan an kai ta baya ba ta ganin allo.

Ni ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da uwarta Dijatu take tsefe mata kai. Ta kira ni, ta buɗe min tafin hannu, na ga wani gari mai laushi, ja-ja.

"Wanga garin katako na," in ji ta. "Kullum sai na hidda shi ga kan ɗiyag ga. Ba niƙa nika aikenta ba, makaranta nika aikenta."

Na murza garin da yatsa. Gaskiya tun daga ranar tsoro ya shige ni, ko iska ta ɗan kaɗa labule da rana sai in leƙa waje in dubi wajen makaranta.

To, hukuma ba ta yi barci ba, kada wani ya ce na ce. An kafa Kwamitin Lafiyar Gine-gine, aka saya masa mota, aka naɗa Mai Girma Mai Duba ya riƙa zagaya makarantu kowane zangon karatu. Kuma yana zagayawa, ban taɓa jin ya yi fashi ba. Sai dai yana da tsarin aikinsa. Motar tana da na'urar sanyi, garinmu kuwa kun san shi, don haka ba ya fitowa. Direba zai tsaya a bakin ƙofa, hedimasta ya sheƙo da gudu, gilashi ya sauka, a fara gaisuwa. An kwan lahiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa ɗiya? Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa zahi? Daga nan, cikin murya ɗaya, ba tare da ya ko ja numfashi ba, sai ya ce, "Ƙaƙa gini?"

Ku gaya mini, jama'a, wane ɗan halak ne za a jera masa gaisuwa haka ya amsa da wani abu ban da lafiya lau? Hedimastanmu Malam Lawali ɗan gidan malamai ne, tun kakanninsa ake karatu a zaurensu. Mutumin da ko gidansa ke cin wuta, in ka ce masa ya gida, zai ce lafiya lau, ya tambayi naka, sannan ya nemi aron bokiti. Haka aka tarbiyyantar da mu duka. Ana gama gaisuwa tukuna, a ɗan yi shiru, a gyara murya, sannan a ce "sai dai", a kawo abin da ke tafe da mutum. Mai Girma Mai Duba ya san wannan sarai, don shi ma ɗan gari ne. Da zarar ya ji lahiya lau ta ƙarshe sai ya ce madalla, gilashi ya hau. "Sai dai" ɗin Malam Lawali kullum gilashi take bugawa ta dawo masa. A zaman kwamiti kuwa a ce an je, an tambayi shugaban makaranta baki da baki, ya ce gini lafiya lau. Ba wanda ya yi ƙarya.

Mu iyaye muka taru a zauren Malam Lawali bayan la'asar muka yi shawara. Aka ce tunda mu bakinmu ba zai iya ba, a tura Malam Istifanus, su mutanensu ba su da kwana-kwana, abin da ke ransu shi ke bakinsu. Ya yarda. Ya kwana biyu yana bita, matarsa Rahila tana zama Mai Duba tana tambayarsa, shi yana amsawa da ƙarfi cewa gini zai faɗi. Ranar zuwa ya sa farar riga mai guga, ya tsaya a bakin ƙofa, mu muna laɓe bayan katanga. Gilashi ya sauka. An kwan lahiya, lahiya lau. Gida, lahiya lau. Aiki, da godiya. Muna ji aka iso kan gini.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe," in ji Malam Istifanus, da Sakkwatancin da ko ni ban iya fitar da irinsa ba.

Ya dawo yana share zufa, ya ce wallahi bai san lokacin da ta fita ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Mu muka shekara ashirin muna gaishe shi safe da yamma, mu muka lalata shi.

Zango na gaba dabarar tawa ce, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce tunda ba za mu iya fita daga gaisuwa ba, mu yi maganar a cikinta. In ya ce ƙaƙa gini, a ce masa da sauƙi. Duk Bahaushe ya san ba a cewa da sauƙi sai ga marar lafiya, kuma ya san ko mutum na kan gargara da sauƙi ake cewa. Ko yaron goye ya ji an ce gini da sauƙi ya san a fara neman masu ɗaukar makara. Malam Lawali ya auna maganar ya ga ba ta saɓa wa ladabi ba. Ranar da motar ta zo ya faɗe ta, har da karya wuya da sassauta murya irin ta mai jinya.

Mai Girma Mai Duba ya ji daɗi ƙwarai. Ya kai wa kwamiti albishir cewa ginin da dama lafiyarsa lau, yanzu har sauƙi ya ƙara samu. Akwai wasu katakai da kwanon rufi da aka ce an ware don makarantun da suka fi matsuwa, sai aka ga ai bai kamata a ba mai sauƙi magani a bar masu ciwo ba, aka kai su wani wuri. Wasu sun ce sun ga irin kwanon a kan wani sabon gida a hanyar Arkilla, amma kwano duk kamarsa ɗaya, ni ban ce komai ba. Muka je ofis mu yi bayani. Wani akawu ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta, muka ce lafiya lau, ya ce to madalla, Mai Girma ya fita rangadi.

Dijatu ta ce in cire yarinyar daga makarantar. Na yi ta jan ƙafa, don Zulaihatu tana son karatun nan kamar me, ta fara haɗa baƙi, duk allon shago da muka wuce sai ta tsaya ta karanta min. Malam Istifanus ya raba gardama, ya kwashe ajinsa ya koma ƙarƙashin bishiya, hankalin kowa ya kwanta. Ba a jima ba saƙo ya zo daga sama cewa an ga yara a gindin bishiya daga kan titi, kuma wannan zubar da mutuncin hukuma ne a lokacin da ƙasa ke cikin arziki. Ga aji an gina, an duba, an tabbatar yana samun sauƙi. A mayar da su ciki, musamman ranar da Mai Duba zai zo.

Aka mayar da su ranar da zai zo. Ranar ce kuma hadarin farko ya taso daga gabas, da iskar nan da ke riga ruwa isowa. Malam Istifanus ya ce ya ji katakon ya yi ƙara sau ɗaya, ya ga reshen dogon yaro ya gusa, sai ya daka wa yara tsawa su fita. Suka fita. Zulaihatu ta kai bakin ƙofa ta tuna takalmanta na roba da ta cire a ƙarƙashin benci, sababbi ne, uwarta ta ja mata kunne a kansu. Ta juya. Malam Istifanus ya bi ta ya fizgo ta, rufin ya sauko a kansu su biyu. Shi ya sami tsaga a ƙeya, ita hannunta na dama ya karye a wuri biyu.

Ba zan yi wasa da wannan wurin ba. Lokacin da na iso na ga an kwantar da ita a kan tabarma, fuskarta duk ƙura, hannun ya juya inda hannu ba ya juyawa. Na tsuguna a wurin na yi kuka a gaban yara, kuma ban ji kunya ba.

Ana cikin haka baƙar Fijo ta iso, a kan lokaci kamar kullum. A yaba wa Mai Girma, ranar gilashin har ƙasa ya sauke shi. Ya dubi tarin kwano da bulo, ya girgiza kai, ya ga abin ya wuce gaisuwar lafiya ya koma ta jaje, sai ya ce, "Ƙaƙa hanƙuri?"

Mu kusan talatin ne a wurin, har da Malam Istifanus da tsumma a ƙeya, har da ni da ƙurar 'yata a riga. Baki ɗaya muka amsa yadda ake amsawa: "Da godiya."

Godiyar da aka ce ta isa inda ya kamata ke nan. An ce a zaman kwamiti har an yaba da halin mutanen unguwarmu, waɗanda iska ta yi musu ɓarna amma suka tari wakilin hukuma da godiya. An kuma kafa ƙaramin kwamiti ya binciki iskar.

Ban gaya muku ƙarshen zancenmu na layin mai ba. Bayan saƙon godiya, Mai Girma ya tambayi jikin ɗiyar tawa. Na yi makonni ina tsara abin da zan faɗa masa in Allah ya haɗa mu, na tsara shi a kan besfa, na tsara shi a kan tabarmar salla, har da inda zan ɗaga murya. Ga shi ga ni, ga gilashi a buɗe. Na buɗe baki na ce da sauƙi. Ya ce madalla.

Da na iso gida na jingine besfa, na tarar da Zulaihatu a tsakar gida da hannu cikin karan ɗori, tana ƙoƙarin rubuta sunanta a ƙasa da hagu. Na ce mata ya hannu.

"Ciwo shikai, Baba," in ji ta. "Jiya ban yi kwana ba. Kuma ɗayan ajin ma garin katako na zuba, ƙawata Naomi ta hwaɗa min."

Uwarta ta ɗago daga bakin murhu za ta gyara mata, ta fara cewa ba haka aka amsa ma babba ba. Na ce Dijatu, ƙyale ta.

Mai Girma Mai Duba zai dawo farkon zango ya duba ajin da ya rage. Na riga na roƙi Malam Lawali, ya kuma amince, cewa in gilashi ya sauka Zulaihatu za a tura bakin mota. Abin da ya rage mana yanzu shi ne mu lallaɓa uwarta kada ta koya mata tarbiyya kafin ranar.