Wasiyya Saboda Koriyar Majina

Ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, a zamanin soja, ina jin babu abin da ya fi ƙarfin kaina. Sai ƙaiƙayin shinkafa ya faɗa mini a ido. Likita a Malanville ya ɗiga mini rini ruwan ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila. Ya ce rinin yakan kama inda fatar ido ta ƙuje, ya koma kore yana ƙyalli. Zai ƙara bayani na tare shi: "Likita, ai mu ma mun fara karatu."

Ina isa gida na fyace hanci. Majina ta fito koriya shar.

Na tabbata matsarmamata ce ta fashe. Na kwanta na fuskanci alƙibla, na sa aka tara dangi. Matata tana kuka, ni ina wasiyya. Nan take na ba ƙanena Sule kekena, a gaban shaidu.

Ban kai ga ba da rediyona ba, aka ɗauko likita a guje. Ya dubi majinar, ya dube ni. "Rinin ne ya gangaro ta hanci. Abin da zan gaya maka ke nan, malam mai karatu."

Har yau in na yi atishawa, Sule yakan ja birkin kekena ya ce, "Yaya, rediyon fa?"