Ranar da na yi wa shanuna adalci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da malamin jami'a ya zo gidana a Barmu auna gyatsar shanuna. Ee, gyatsa. Ni ma dariya na yi da farko.

Rakiya, ɗiyar ƙanwata, ita ta jawo mini. Tana karatun kiwo a Tawa, kuma a shekarar ƙarshe sai mutum ya yi wani gwaji ya rubuta kafin a ba shi takardar gamawa. Ta ce iskar da saniya ke fitarwa in tana tuƙa tana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, amma in ana zuba garin bagaruwa kaɗan cikin dusa, wai tana raguwa. (Ni dai a hannun majema na san bagaruwa.) Shanun huɗa biyu gare ni, Ja da Baƙi. Ta ce, "Kawu, Ja kaɗai za ka ba, wata ukku. Baƙi ko sansanawa kada ya yi."

Na ce to. Ban tambayi dalili ba. Mai furfura ba ya son yarinya ta gane bai gane ba.

Kwana biyu na bi maganarta. Ran na ukku ina dama wa Ja nasa, sai Baƙi ya bar ci, ya tsaya yana kallona. Shekara shida shanun nan suna jan karkiya ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. Abin alheri ya shigo gida, da wane ido zan ba ɗaya in hana ɗaya? Na raba garin biyu. Haka kullum, har ina jin kaina mutumin kirki.

Ranar awo malaminta ya zo da mota, maƙwabta suka cika garke. Rakiya ta fito da wani abu kamar tocila, ta haska hancin Ja, ta rubuta. Ta haska na Baƙi, ta rubuta. Ta sake. Ta kuma sakewa. Malamin ya yi mata wata magana da Faransanci, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka zargina ake da sakaci, sai na matso, na gyara hula.

"Malam, ko kwana ɗaya ban yi fashi ba. Duk su biyun sun ci, daidai wa daida!"

Malamin ya cire tabarau, ya ce a hankali, "Baba, wanda bai ci ba shi ne ma'auninmu. In duk sun ci, da mi za mu gwada?"

Illa maƙwabcina ya fashe da dariya: "Kai, Allah shi bar mana alƙalin shanu!"

Ba dariyar ce ta ci ni ba. Rakiya ce, da ta naɗe takardunta ta ce, "Ba komi, Kawu." Abokan karatunta suka gama, ita sai da ta ƙara wata shida.

Mun sake gwajin, amma sai da na kai Baƙi garken Illa don kada mu haɗa ido. Tun daga nan, in tausayi ya taso mini nakan tsaya in duba wa zai biya shi. Na ji kunyar idon Baƙi, na yi masa adalci, na zalunci ɗiyar ƙanwata. Shi kuwa Baƙi, ko godiya.