Ranar Da Na Sa Mata Rigar Sanyi A Tsakar Rana

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu ta farko zuwa Mambila ba, ko da kuwa na so in manta, domin matan da muka je tare ba za su bari ba.

A lokacin ba a fi shekara biyu da ba mu jiharmu ba. Ina aikin buga tafireta a wata ma'aikata a Jalingo, kuma ni ce sakatariyar zumuntar mata ta cocinmu a Majidaɗi. Wata Lahadi shugabarmu, Mama Laraba, ta ce abin kunya ne baƙi su zo daga nesa su hau Mambila, mu 'yan gida ba mu taɓa gani ba. Kafin ta rufe baki na ɗaga hannu na ce a bar mini shirin.

Na kuwa shirya. Na ari taswira wajen wani malamin makaranta, na auna hanya da zare, na yi lissafina, na buga jadawali a tafireta har kwafi goma sha biyar, har da na direba. Ƙarfe biyar da rabi tashi. Ƙarfe tara karin kumallo, minti ashirin. Ƙarfe ɗaya isowa Mambila, kowa ta sa rigar sanyi. Ƙarfe uku juyowa gida. Maigidana ya karanta ya ce, "Kin tambayi wanda ya taɓa zuwa?" Na ce masa taswira ba ta ƙarya. (Ni kaina iyakata Bali, shi ma ina goye a bayan uwata.)

Direban bas ɗin da muka ɗauka wani dattijon Bafulatani ne, Malam Buba. Da asuba na miƙa masa kwafinsa. Ya juya takardar, ya dube ni, ya ce, "Malama, wannan hanya..." Na katse shi. "Baba, kai dai riƙe sitiyari. Shiri nawa ne." Ya ce, "To, useko," wato na gode da Fulatanci, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga nan bai ƙara tofa komai ba.

A Iware mata suka ga doya jibge bakin titi suka fara roƙo a tsaya. Na ce babu doya a jadawali. Muka haye wani kogi mai faɗi, Sista Na'omi da ta aro kyamarar ƙaninta ta ce a ba ta minti biyu ta ɗauki hoto. Na ce fim ɗin na Mambila ne. Har birai muka gani suna tsallaka hanya bayan Bali, mata na ihu suna nunawa, ni kuwa idona na kan agogo. Ramukan titi suna cinye mana lokaci, amma ban damu ba, a ganina lissafina ya riga ya haɗa da su.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan sai ga wani dutse ya bayyana a gabanmu, kore shar, kansa kamar zai taɓa gajimare. Na duba agogo, na duba dutse. Zuciyata ta cika fal. Na ce, "Baba, tsaya! Mun iso!"

Ya dube ni ta madubi. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Na fito na ba da umarni kowa ta sa rigar sanyi, domin na karanta cewa sanyin Mambila shiga ƙashi yake ba sallama. Rana kuwa na dukan tsakar ka. Mama Laraba ta ce, "Sakatariya, ni fa zufa nake yi." Na ce, "Mama, haka yake farawa." Mata goma sha huɗu suka sa suwaita, wasu har da hular ulu da safa. Na jera su a gindin dutsen, muka yi waƙar godiya, na yi jawabi a kan ikon Allah da amfanin tsari. Sista Na'omi ta ɗauki hoto har shida.

Muna cikin haka wata mata mai sayar da ayaba ta taso daga inuwa ta matso, fuskarta duk tausayi. Ta ce, "Sannu ku, Mama. Zazzaɓi ne ya kama ku duka? Akwai asibiti a gaba kaɗan."

Na yi dariya na ce lafiyarmu ƙalau, sanyin Mambila muke karewa.

Ta juya ta dubi dutsen, ta dube ni. "Wannan? Wannan ai akuyarmu tana hawa kullum. Mambila sai kun wuce Serti, kun kai Mayo Selbe, can ne ma za a fara hawa."

Ina jin zufa na gangara a bayana cikin suwaitar maigidana. Sai Mama Laraba ta cire hularta a hankali ta fara fifita da ita, kafaɗunta na rawa. Shi ke nan, mata suka ɓarke da dariya. Har da mai zama a ƙasa tana riƙe ciki. Na juya wajen Malam Buba na ce, "Baba, ka sani ka yi shiru?" Ya ce, "Malama, ni sitiyari aka ba ni."

Da dariya ta lafa sai magana ta zama babba. Wasu suka ce a juya gida kawai, an ga dutse ai. Na san idan muka juya, ba za a sake yarda da wata tafiya ba, kuma ni na jawo. A gaban kowa na je na rusuna wa dattijon nan na ce ya yi haƙuri, ya faɗa mana yadda za a yi. Ya ce hawan ba a yinsa da gaggawa, mu kwana a Serti mu tashi da sassafe. Ni na shiga garin na nemo fasto, ni na roƙa mana ɗakin kwana, ni na sami direban wata mota mai komawa Jalingo na ba shi wasiƙa ya kai coci don a sanar da mazajenmu.

Washegari muka hau. Hanya na lanƙwasa, kunnuwa na toshewa, mata na addu'a da ƙarfi. Da muka kai sama kuwa sai muka tsaya kallo. Tuddai kore iya ganinka, shanu na kiwo cikin hazo, gajimare a ƙasa da mu. Duk inda wata ta ce a tsaya, sai in ce a tsaya. Mun sha madara mai ɗumi a wata ruga, mun zaga gonar shayi, mun ƙara kwana ɗaya da babu wanda ya shirya. Mama Laraba ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kin kawo mu." Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma.

Bayan wannan na jagoranci tafiye-tafiye da yawa, kuma ban taɓa dawowa da kowa cikin fushi ba. Abin da na koya ɗaya ne: in dattijo ya fara cewa "wannan hanya", to a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, musamman in kina sanye da kayan da za su yi wuyar bayani.